Feda Mai Rigar Buhu

Duk saurayin da ya shigo shagon nan yau, kafin ya gama gaisuwa idonsa ya riga ya sauka kan akwatin can na bisa tebur, mai sanye da rigar buhu, sai dariya. Ku ma na ga kun yi. Kun zo da waya kuna nuna mini wani Bature yana haɗa feda kafin shayi ya tafasa, kun ce ku ma haka kuke so, zuwa ƙarshen mako ku gama koyo. To, ku jawo benci. Ba zan hana ku ƙarfen liƙi ba, amma sai kun ji yadda aka yi akwati ya sa riga.

Ga wanda bai sani ba, feda ɗan akwati ne da ake sawa tsakanin gitar da ampili, na'urar da ke ƙara mata murya. Mai kiɗa ya taka shi da ƙafa, muryar gitar ta sauya. Ni kuwa ba makaɗi ba ne, ko tafi ban iya bi daidai ba. Mai gyaran rediyo ne, kuma da rediyo bai mutu a hannunmu ba, da har yau fedar keke kaɗai na sani.

A Maradi na yi aparanti, wato koyon aiki, wajen maigidana Malam Sanusi, Allah ya jiƙansa. Shagonsa babu kuran, wutar lantarki ke nan. Ƙarfen liƙi a gawayi ake gasa shi, guda biyu, ɗaya a hannunsa ɗaya a wuta, aikina fifita da miƙawa. In na miƙa bai yi zafi ba, dalma ta dunƙule kamar kashin akuya. In ya yi ja ya wuce kima, ya ƙone allon rediyo. Ko wanne ya faru, kunnena ke biya. Na daɗe ina fifita kafin ya yarda in riƙe ko turnabis na kwance sukuru.

Rediyon farko da ya tura gabana na wani mahauci ne, duk jikinsa maiƙo. Maigida ya kunna, ya ce, “Isuhu, mi ka ji?”

Na ce, “Labarai.”

“Ba labarai nike tambaya ba, sakarai. Muryar.”

Sai a lokacin na lura mai karanta labaran kamar an shaƙe shi yake, muryar tana kwarzo. Maigida ya nuna mini yadda ake bin murya da ɗan yatsa, daga lasifika a koma baya, wuri bayan wuri, har a kai inda ta lalace. A ranar na san taranzisto, ɗan abu mai ƙafa uku da bai wuce ƙwayar wake ba, wanda ke ɗaukar ƙaramar murya ya mai da ita babba. Na wancan zamani hular ƙarfe gare su. In zai liƙa ɗaya sai ya kama ƙafarsa da pansi, ɗan awartaki, don kada zafin ƙarfe ya hau ciki, yana cewa waɗannan ba su son zafi ko kaɗan. Abu na biyu da ya dasa mini shi ne, rediyon da ya fita daga hannunka yana kwarzo, sunanka yake ɓatawa a gari. Da wannan karatun na dawo Dakoro na kafa tebur kusa da kasuwa.

Ranar kasuwa ba na ɗaga kai. Manoman Sabon Maci su kawo nasu a ɗaure da roba, makiyaya su sauko da nasu a cikin riga ta fata mai tuntaye da ƴan madubai, rediyo ya fi mai shi ado. In ka buɗe kuwa ka ga ikon Allah: rairayi, busasshiyar madara, kyankyaso da iyalinsa. Akwai wani Bafillace da ya ce mini rediyonsa ya daina Fulatanci, Hausa kaɗai yake yi, in duba ko an saye shi ne. Igiyar da ke jan allurar tasha ce ta tsinke. Na ɗaura masa zaren saƙa, ya tafi yana sa mini albarka.

Sai shekarar nan ta zo da ruwa ya ɗauke gero bai yi kai ba. Ciyawa ba ta fito a arewa ba, dabbobi suka yi ta faɗuwa a hanya, saniyar da ta iso kasuwa da ƙafarta ana sayar da ita kuɗin da ba ya cika buhu. Wa zai gyara rediyo? Waɗanda suka bar nasu a wajena kafin damina, da yawansu ba su dawo ba. Kafin mutane su farfaɗo kuma wayoyi masu kart memwar sun cika gari, da ƴan rediyon roba da in sun mutu sai dai a ba yara su yi mota da su. Na koma zaman kallon hanya, bayana tulin tsofaffin rediyo har rufi.

A wannan zaman ne Agali ya shigo da ampili a kafaɗa. Buzu ne, dogo, gidansu yana wani zango wajen Mai Yara. A waccan shekarar ya rasa raƙumansa da awakinsa, abin da ya rage masa gitar ce da tsohuwar uwarsa. Da can don nishaɗi yake kiɗa, yanzu da ita yake ciyar da gida, daga biki zuwa suna. Ampilin ɗan ƙarami ne, ya girme shi. An jona shi a gurup, injin ba da wuta, wajen wani biki, wuta ta yi yawa. Na buɗe, wari ya buge ni, allon ya zama gawayi.

Na ce, “Wannan ya tahi. Sai dai ka nemi wani.”

Ya ce, “Na samu wani, Malam Isuhu. Aro. Sabo ne hul. Shi ne damuwata.”

Washegari ya zo da sabon da gitar, ya jona a batirin mota, ya kaɗa. Murya tas, garau, irin wadda da Malam Sanusi ya ji sai ya sa hannu a aljihu. Na ce to me ya rage? Ya ce in saurara. Ya taɓa tsirkiya ɗaya, ta yi ƙara, nan da nan ta mutu.

“Ka ji? Tsohon in na taɓa, shina riƙe muryar, shina ja, shina kwarzo kamar goge. Annata, tsohuwata, goge take yi tun tana budurwa, yanzu hannu ya ƙi. Waƙoƙinta nike kaɗawa. Da wannan ba su hitowa. Mata na zamne suna kallona, ba mai tashi.”

Ya ce biki biyu ya yi da sabon, na biyun tun kafin ya gama aka jona waya a bafil, babbar lasifikar biki. Akwai bikin ɗiyar wani dillalin raƙuma da bazara, mutumin da in ya yaba maka kowa ya kira ka, in ya yi shiru kowa ya manta da kai. In wannan ya lalace, zai sayar da gitar ya hau mota zuwa wajen haƙar zinariya a arewa, ya bar tsohuwa wajen dangi. Bai faɗe shi don in ji tausayi ba. Yadda ake faɗin farashin gero ya faɗe shi.

Ku duba abin da ake nema a wajena. Rayuwata duka korar kwarzo nake yi daga cikin rediyo, yau an ce in ƙera shi da gangan, kuma ya yi daɗi. Na ce masa ban yi alkawari ba. Amma aiki babu, hannu kuma yana ƙaiƙayi.

Abin da na sani shi ne, in taranzisto na farko ya tura wa na biyu murya fiye da abin da zai iya ɗauka, na biyun shaƙewa yake. Cutar rediyon mahauci ke nan. Sai na jawo tulin nan na bayana na shiga fiɗa. Na kafa ƙusoshi a kan katako, na ɗaura taranzisto biyu masu hular ƙarfe, da ƴan ƙananan kayan allo, su rezistans da kondo, da maɓallin ƙara murya na wani rediyo. Wuta kuwa pil, batirin tocila, shida na jera cikin guntun tiyo. Ba zane, ba littafi, ba Bature a waya. Gwaji na farko kukan jaki ya yi. Na biyu ya kamo tashar labarai, muna zaune gitar Agali tana karanta gaisuwar masu saurare. Maƙwabcina mai shayi ya ce in na gama haukan in sanar da shi ya dawo da masu sayensa.

Duk lokacin sanyi a haka ya ƙare. Agali ya zo ranar kasuwa da hantsi, ya zauna a bencin da kuke kai, ya kaɗa, ya girgiza kai, in sauya abu ɗaya, ya sake kaɗawa. A nan na gane masu hular ƙarfen nan ba biyu da suke ɗaya, ko da lambarsu ɗaya ce. Sai ka gwada tuli kafin ka sami biyun da suka jitu. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, wannan ku riƙe shi. Wanda ya sauya uku ya ji daɗi, bai san wanne ya yi masa aikin ba.

Wata safiya na haɗa ɗaya daga rediyon wani Bafillace da ɗaya daga na wani tsohon soja. Agali ya taɓa tsirkiya, muryar ta tashi, ta tsaya, tana ja tana rawa, ba ta mutu ba sai da ya ɗora tafin hannu. Ya gyara rawani ya sake taɓawa. Mai shayi ya leƙo da buta a hannu ya ce, “Wa ya kawo mai goge?” Na ji daɗi ranar, ba zan ɓoye muku ba.

Saura gida. Na fara da gwangwanin sadin, Agali ya taka sau ɗaya ya zama faifai. Sai na je wajen masu zuba tukwanen alminiyom a bayan kasuwa, na yi musu siffa da katako, suka zuba mini akwati mai kauri. Abin takawa kuwa, makunnin fitilar tsohuwar mota na samo wajen makanike, irin wanda direba ke dannawa da ƙafa, ko raƙumi ya taka ba ya jin komai. Da yake na san abin da rairayi ke yi wa rediyo, na yanka robar taya na shimfiɗa a bakin murfi, na bi duk wata kafa da narkakken kyandir. Na ce wa Agali ko iska ba ta shiga. Har da tsohuwar na yi wa wannan alfaharin ranar da ya kawo ta asibiti suka biyo ta shago.

Ranar bikin ni ma na bi shi, don in ga aikina a fili. Bazara ta kai inda ta kai. Muka sauka daga motar kasuwa muka ƙarasa zangon a amalanke. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi, mata suka zauna gefe guda da shuninsu, maza tsaye a baya, dillali a kan kujera. Inna Mariyama, uwar Agali, tana gaba-gaba, ƴar ƙarama, hannuwanta a kan gwiwa, yatsun duk sun lanƙwashe. Agali ya ajiye feda a kan rairayi ya taka.

Waƙar farko ta tafi lafiya, har mata sun fara tafi. A tsakiyar ta biyu muryar ta soma yankewa. Ya taɓa tsirkiya, maimakon ta ja sai ta yi furt, furt, ta ɗauke. Ba sai na gaya muku abin da ƙarar ta yi kama da shi ba, yaran wurin sun faɗa da ƙarfi, suka kwanta da dariya. Agali ya dube ni. Na ga ɗan dillali ya tashi ya nufi inda bafil yake, waya a hannu.

Na durƙusa na duba pil, lafiya. Wayar jonawa, lafiya. Na ɗora hannu a kan akwatin, na janye da sauri. Alminiyom ya sha rairayi ya sha rana, ana iya soya ƙwai a kai. Sai maganar pansin Malam Sanusi ta dawo mini. Duk gwajinmu da sanyi muka yi shi, da hantsi, a inuwar shago. Na ciro hulata na yi masa inuwa, na fizgi faifan wata mata na hau fifita, da furfurata, kamar ranar da na shiga aparanti. Iskar ma zafi gare ta. Na san ciwon sarai, maganin ne ba ni da shi.

Sai na ji murya a kaina. “Mai gwangwani, mi ya same shi?”

Inna Mariyama ce, ta taso da sandarta. Na ce, “Zahi ne, Inna. Abin da ke ciki ba shi son zahi.”

Ta ce, “Gogena in ya ji raɓa sai na gasa shi bakin wuta kahin shi yi magana. Naku kuma ƙishirwa yake ji.”

Ta juya ta yi wa wata yarinya magana da yarensu. Kun san yadda mutanen daji ke ɗinke bidon ruwa cikin buhu, su jiƙa, su rataye a iska, ruwa ya yi sanyi kamar na randa. Yarinyar ta kwance buhun wani bido, sharaf da ruwa, ta kawo. Na tare da hannu biyu. Tun ina yaro aka koya mini ruwa da kayan wuta ba sa haɗuwa, na sha korar mutane daga teburina saboda kofin shayi.

Na ce, “A'a, Inna! Ruwa kashe shi zai yi!”

Ta ce, “Ba kai ka ce mani ko iska ba ta shiga ba?”

Na janye hannuna. Ta sa aka kife akushi aka ɗora fedar a kai don ta bar rairayi, ta naɗe ta da buhun da waɗannan yatsun nata, ta bar kan makunnin da bakin wayoyi a waje. Sannan ta daka wa ɗan dillali tsawa ya tsaya inda yake, ta juya wajen mata ta ɗauko wata waƙa da baki, suka amsa da tafi. Haka ta riƙe taron. Ni ina durƙushe ina kallon buhu yana shan iska, Agali yana tsaye da gitar kamar wanda ke jiran hukunci.

Da waƙar matan ta zo ƙarshe na sa yatsa ƙarƙashin buhun. Ƙarfe ya yi sanyi. Na ɗaga masa kai. Ya taka, ya taɓa tsirkiya, muryar ta tashi ta tsaya, ta ma fi yadda take a shago. Ya shiga waƙar da uwar ta gama, daga inda ta ajiye. Wata ta rangaɗa guɗa, mata suka miƙe, dillali da kansa ya taso ya yafa masa rawani a kafaɗa. Har magariba ana yi, duk bayan waƙa biyu yarinyar nan ta zo da moɗa ta yayyafa wa buhu ruwa. Da aka tashi, abin da tsohuwar ta ce wa ɗanta kawai shi ne ya yi sauri a tsakiyar waƙar, ba haka take jan ta ba.

Agali bai tafi arewa ba. Daga bikin nan aka yi ta kiransa, har Sabon Maci da gaba. Na kai wa tela buhu ya ɗinka wa fedar riga daidai jikinta, da igiyar zugewa. Makaɗa suka fara zuwa, wannan yana son mai kauri, wancan mai kaifi, wani ya kawo ta kanti in sauya mata murya. Daga baya wani mushen lakwal, malamin makaranta, ya nuna mini a waya cewa Turawa sun daɗe suna yin irinta, har suna suka ba ta. Na ce madalla, amma ban ga mai riga a cikinsu ba. Na kuma koyi yi da baƙaƙen taranzisto na zamani, waɗanda zafi bai dame su ba, su nake sa wa kowa yanzu, su za ku koya. Na yi wa Agali ɗaya kyauta. Ya kaɗa, ya gode, ya bar ta a kan tebur ya ɗauki tsohuwarsa.

Matsalar masu hular ƙarfe ita ce ba a yin su kuma, sai a cikin tsohon rediyo, tulin bayana kuwa ya daɗe da ƙarewa. Bara, ɗaya daga cikin biyun da ke cikin fedar Agali ya mutu. Na aika Maradi, na tambayi masu gwangwan, babu. Agali ya yi watanni yana lallaɓawa da ta zamani. A cikin watannin nan ne Allah ya yi wa Inna Mariyama rasuwa.

Bayan sadakar arba'in ya shigo da wani abu a cikin rigar fata, tuntayen duk sun kaɗe. Rediyon babansa ne, wanda tsohuwar ke ajiyewa a gefen shimfiɗarta.

Ya ce, “Ta ce a kawo ma mai gwangwani. Shi cire abin da ke ciki.”

Na sa masa pil don in ji inda ya lalace. Ya kama tasha nan take, murya garau, ko ɗigon kwarzo babu. Na buɗe baya, ga masu hular ƙarfe a jere, tsaf. Tunda nake ban taɓa kashe rediyo mai lafiya ba. Na ce wa Agali wannan zai iya wasu shekarun yana magana. Ya ce ya sani, ita ma ta sani.

Ana cikin labarai ne. Muka zauna ni da shi muka saurara har mai karantawa ya yi sallama. Sannan na kashe, na ɗauki pansi.

Masu hular ƙarfen rediyon nan ne a cikin akwatin can da kuka yi wa dariya. Agali ne ya kawo shi in sauya masa wayar jonawa, gobe yana da biki. Kai saurayin da ka zo da gitar, ga buta nan a ƙofa. Jiƙa mata rigar, in ta sha iska ka jona, ka ji abin da kake cewa za ka koya zuwa ƙarshen mako.